Hoton da hadari bai hana ɗauka ba

Jiya ƙanina mai karatun taswira a nan Katsina ya nuna mini hoton yankin Beira na Mozambik, bayan guguwar Idai ta afka wa birnin a Maris 2019. Tauraron ɗan'adam Sentinel-1 ne ya ɗauka da na'urar rada, mai aika sigina ƙasa ta karɓi wanda ya dawo, wadda hadari da duhun dare ba sa tare ta. Duk inda ruwa ya kwanta sai ya fito baƙi ƙirin, domin shimfiɗaɗɗen ruwa ba ya mayar da sigina wurin tauraron.

Wallahi jikina ya yi sanyi. Ambaliyar Jibiya ta 2018 ce ta faɗo mini a rai, ita ma cikin dare ta zo. Hotunan nan fa kyauta ake samunsu. Don Allah masu agajin gaggawa na jiharmu su koyi karanta su kafin damina.