Yau dai na je eko

Talata da dare, yara sun yi barci.

Tun ranar Asabar nake ganin ɗan ɗigon jini, ba mai yawa ba, amma ya hana ni sukuni, ga laulayi ya sa ni gaba ko warin daddawa na ji sai amai. Hajiya uwar maigida ta ce in bar zancen likita tukuna, wai cikin da bai yi ƙwari ba ba a yawo da shi a gari ido ya gan shi, in sha jiƙon da ta haɗa in kwanta. Ban yi mata musu ba, ai ba a yi, na ce to Hajiya. Da safe maigida ya aje yara lakwal ya dawo ya ɗauke ni a moto, muka ce mata za mu Sabon Gari ne, kuma ta nan ɗin muka bi dai muka wuce asibiti wajen eko, wato hoton ciki.

An faɗa mini tun jiya kar in yi fitsari kafin in shiga, in sha ruwa da yawa. Na sayi piya wata a bakin ƙofa na yi ta ɗura, ga layi ya yi tsawo, benci cike da mata kowa da karnenta na awon ciki a hannu, yawancinsu cikin ya fito sosai wata bakwai wata takwas, ni kaɗai ce kamar wadda ta rako wani. Wata dattijuwa da ta kawo surukarta daga wajen Mirya ta dube ni sama da ƙasa ta ce ɗiyata ke ina naki cikin yake, na yi dariya kawai na sunne kai. Wallahi riƙe fitsarin nan ya fi komai wuya, mai ciki da dama kowane lokaci tana hanyar bayi a ce ta riƙe. Da na yi ƙorafi sazfam ɗin, wato ungozomar asibiti, ta ce ba mugunta ba ce Madam, mahaifa a wannan lokacin tana can ƙasa cikin ƙugu ba ta taso ba, in mafitsara ta cika sai ta ture hanji gefe hoton ya fito fes, shi sauti ya fi ratsa ruwa. Ashe ma na'urar ba hasken radiyo ba ce irin ta karaya, sauti ne take aikawa wanda kunne ba ya ji, ya bugi abin da ke ciki ya dawo ta mayar da shi hoto. Wannan ya kwantar mini da hankali don akwai masu cewa wai eko na ƙona ɗa.

Da na shiga likitan ya tambaye ni ranar da na fara ganin al'adata ta ƙarshe, nan fa ake yinta. Tun da na bar allurar tazara jinina bai dawo daidai ba, wani wata ya zo wani ya tsallake, ni dai a lissafina wata biyu ne bai cika ba. Ya ce ba komai yanzu za mu auna. Ya matsa mini wani man mai sanyi a mara ya ɗora abin yana jujjuyawa, shiru, shiru, ni kuwa sai kallon fuskarsa nake ba allon ba, ina ta Hasbunallahu a zuci, don bara ƙanwata haka aka yi mata shiru ɗin nan kafin a ce babu bugu. Can ya juyo da allon wajena ya ce Madam duba nan. Wani baƙin zagaye ne, cikinsa wani ɗan abu fari-fari a lanƙwashe, kan ya kusa rabin jikin gaba ɗaya, a tsakiya kuma wani ɗigo na ta ƙyafta-ƙyafta da sauri. Ya danna wani maɓalli sai ɗakin ya cika da ƙara, fat fat fat fat ba tsayawa. Ban san lokacin da hawaye suka gangaro mini cikin kunne ba tunda a kwance nake.

165 a minti ɗaya. Na tsorata na ce Dokta ba ta yi gudu da yawa ba, ya ce a'a haka take a wannan lokacin, tana fara bugawa tun wajen sati 6 a hankali, ta yi ta ƙaruwa har wajen sati 9 ta kai kusan 170, daga baya ta ɗan sauka, amma har a haihu ta fi ta babba sauri nesa ba kusa ba.

Sai ya sa alama ɗaya a tsakar kai ɗaya a mazaunai ya ja layi, milimita 35. Tsawon dabino guda ke nan fa. Na'urar ta fitar da sati 10 da kwana 3. Na ce kai Dokta ya wuce lissafina, ya ce abu biyu ne, na farko su daga ranar farko ta al'adar ƙarshe suke ƙirgawa ba daga ranar da cikin ya shiga ba, wato akwai kamar sati 2 a sama, haka ake samun sati 40 ɗin nan da ake faɗa. Na biyu kuma jinin da na gani can baya na ɗauka al'ada ce wataƙila cikin ya riga ya shiga. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da ya ce awon yanzu ya fi na kowane lokaci faɗin gaskiya, don a watanni ukun farko 'ya'ya kusan duk tsawonsu ɗaya suke tafiya, kuskuren bai wuce kwana 5 zuwa 7 ba, amma in mace ta bari sai wata bakwai ko takwas wani ɗan ya yi ƙiba wani ƙarami ne, lissafin na iya kaucewa da sati 3. Na tuna matan da na baro a benci, da yawansu yau ne ekonsu na farko, in an ba su ranar haihuwa ta zo ta wuce sai a ce na'ura ƙarya take.

Ya duba gefe da gefe kuma, ya ce yana tabbatarwa ne cikin a mahaifa ya zauna, don wani lokaci ƙwan yana maƙalewa a bututun da ke kawo shi ya fara girma a can, alamarsa ɗigon jini ne da ciwon mara ta gefe guda, in ya fashe jini ke zuba ta ciki mace na iya tafiya a kwana ɗaya. Nawa Alhamdulillahi yana inda ya kamata, kuma guda ɗaya ne, maigida da ke ta tsokanata da Hassan da Husaini sai ya haƙura. Jinin kuma ya ce bai ga wani abin tsoro ba, mata da yawa na ganinsa a farkon ciki su haihu lafiya, kuma tunda an ga zuciya na bugawa a wannan satin haɗarin ɓari ya ragu sosai, sai dai in jinin ya ƙaru ko ya zo da guda-guda ko ciwo mai tsanani ko jiri, ko tsakar dare ne in taho.

Ina kallo abin ya ɗan zabura, hannuwa 'yan mitsi-mitsi suka motsa, ni kuwa ban ji komai ba a jikina. Wai sai wajen sati 16 zuwa 20 zan fara ji. Amma yanzu haka an riga an ƙera kusan komai, zuciya, ƙoda, hanta, yatsu sun fara rabuwa, abin da ya rage girma ne da ƙwari. Ni abin da ke ba ni haushi ke nan da al'adarmu ta ɓoyo, daidai watannin da ake wannan halittar su ne muke kulle baki, mu sha jiƙo mu sha ƙwayar ɗan tebur ta ciwon kai ta zazzaɓi ba wanda ya sani, sai an gama ginin sannan mu ɗauki karne mu tafi awo. Kunya tana da kyau ban ce ba, ni ma ko Innata ban faɗa wa ba har yanzu, amma sazfam ai ba kishiya ba ce. Hukumar lafiya ta duniya ma tun 2016 ta ce mace ta ga ma'aikacin lafiya sau 8 a ciki guda, na farko cikin sati 12 na farko, da eko ɗaya kafin sati 24.

Da na fito maigida na jingine da moto yana jiran labari, kafin in buɗe baki ya ce namiji ne ko mace. Na ce Malam ka bari mana, ko likitan bai gani ba, sai wajen sati 20 in ma ɗan ya yarda ya buɗe ƙafa. Ya karɓi ɗan hoton mai santsi ya juya shi sama ya juya ƙasa ya ce shi fa hadari kawai yake gani, sai da na nuna mishi kan da yatsa.

Mun biya farmasi da ordinas, takardar maganin da likita ya rubuta, ƙwayar ƙarin jini ce mai haɗe da folik, kullum guda. Sazfam ta ce folik ɗin ma da tun kafin ciki ya kamata a fara don ƙashin baya da ƙwaƙwalwa suna rufewa tun wajen sati 6, amma in ci gaba da sha. Fansida ta zazzaɓin cizon sauro kuma ba yanzu ba, sai na shiga wata na huɗu, kafin nan gidan sauro kowane dare ba fashi, da daminar nan kuwa sauron unguwarmu ba ya wasa. Haihuwa wajen tsakiyar Maris in Allah ya kai mu, daidai shigowar zafi, ni da wankan jego a zafin Damagaram Allah dai ya kawo sauƙi.

Da yamma Hajiya ta aiko da jiƙon a kwano an rufe da faifai. Na karɓa na yi godiya na aje bayan randa. Maigida ya ce shi zai yi mata bayani gobe bayan Asuba, har da hoton zai tafi, zan so in ga yadda za su ƙare don shi kanshi bai iya bambance kai da ƙafa ba.