Mako na bakwai da tabulet: teburin yanka da durowa

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu koyo. Yau mako bakwai ke nan ina zama da tabulet ɗina bayan sallar isha'i idan na rufe shagon ɗinki, kuma littafin da nake rubuta kalmomi a ciki ya kai shafi na 11. Ga inda aka kwana.

Kalmomin taɓa allo ba su ba ni wahala ba, domin hannu ne ke haddace su. Taɓawa ɗaya tana buɗe abu, jan yatsa gefe, wato suwayif, yana kai mutum hoto na gaba, ware yatsu biyu ko haɗe su kuma shi ne zum. Wadda na raina da farko ita ce dannawa a riƙe, ashe da ita ake fito da baƙaƙenmu masu lanƙwasa. Ku saka Hausa a kibod ɗin Gboard, ku danna k ku riƙe, za ku ga ƙ. Haka d da b. Tun ranar na daina rubuta wa mai wando "kafa" alhali ƙafa nake nufi.

A mako na uku allon ya riƙa ƙin jin ɗan yatsana, har na zaci na'urar ce ta samu matsala. Ashe kantar da ke yatsana ce, ta shekarun da na yi ina riƙe allura, ga kuma bushewar hunturu. Gilashin nan ba nauyin yatsa yake ji ba. A ƙarƙashinsa akwai siraran layukan lantarki, jikin mutum kuwa yana ɗaukar lantarki, don haka idan fata ta taɓa wuri sai na'urar ta gane canjin da ya faru a daidai nan. Shi ya sa murfin biro da safar hannu ba sa aiki, shi ya sa kuma ɗigon ruwa ke rikita allon. Dannawa da ƙarfi ba ta ƙara komai. Na koma amfani da yatsan tsakiya, daga baya na sayi alƙalamin allo mai kan roba.

Inda na fi daɗewa shi ne kan ram da ma'aji, kuma ina roƙonku ku tsaya a nan. Ranar da na sayi tabulet ɗin, mai shago ya ce mini "4 da 64 ce". Na gyaɗa kai, na ɗauka duk abu ɗaya ne tunda duka giga ake ce musu. Da ta fara nauyi sai na sayi katin memori na saka, na kwashe hotunan samfurin ɗinki na zuba a ciki, amma nauyin yana nan. Abin ya dame ni ƙwarai, don kuɗin ba na wasa ba ne a wurina.

Sai da na kwatanta shi da shagona na gane. Giga 64 ɗin nan ita ce durowar da nake jibge yadi: hotuna, bidiyo da manhajoji duk a nan suke kwana, ko an kashe na'urar. Giga 4 kuwa, ram ke nan, teburin yanka ne. Abin da ake aiki a kansa yanzu shi kaɗai ke hawa, da an kashe na'urar kuma an share teburin. Katin memori durowa ya ƙara mini, teburin yana nan yadda yake. Idan na shimfiɗa WhatsApp da YouTube da Facebook da kamara a lokaci guda, dole wani ya sauka kafin wani ya hau. Ram ɗin tabulet ba a cire shi a sa babba, don haka wanda bai saya ba tukuna ya fara tambayar wannan ƙaramar lambar. Kuma kada ku yi mamaki idan ba ku tarar da 64 ɗin cif ba, Android da kansa yana cin wani kaso.

Akwai giga ta uku, ta datar da muke saya. Ma'aunin ɗaya ne, giga 1 kusan mega 1,000, amma wannan awon abin da ya shigo ko ya fita ta intanet ne. Saukewa tana cin data, ɗorawa ma haka.

Kash shi ne ƙyallayen da ke taruwa a ƙarƙashin tebur, guntayen da manhaja ke ajiyewa don ta yi saurin buɗewa gobe. Share su ba ya cutarwa. Amma a cikin saiti, kusa da maɓallin kiliya kash, wato na share kash, akwai na kiliya data, mai share duk bayanan da manhajar ta ajiye a na'urar, kuma wannan yana mayar da manhaja kamar yau aka sauke ta: a nemi kalmar sirri daga farko, abin da ba a adana a wani wuri ba kuma ya tafi. Na ja layi biyu da jan biro a ƙarƙashin wannan a littafina.

Sikirinshot, wato ɗaukar hoton abin da ke kan allo, a minti ɗaya na koye shi, maɓallin kunnawa da na rage sauti a danna tare. Yanzu da shi nake ɗaukar samfurin wuyan kaftani idan na gani.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan shiga kilawud, wato ma'ajin da ke intanet, da bakof, wato ajiye kwafin abu don kada ya ɓata. Google na ba kowane asusu giga 15 kyauta, wadda Gmail da Drive da Photos ke rabawa, kuma ina so awon mutanen da nake wa ɗinki ya koma can kafin cunkoson ɗinkin salla.