Abin da na gano a Banda Aceh, garin da teku ya taɓa shiga

Ni mutumin tudu ne. Ruwa mafi girma da na sani ina yaro shi ne kududdufin bayan unguwarmu, wanda ke cika da damina ya ƙafe kafin tsakiyar rani. Ko da na girma na fara koyar da ilimin ƙasa, ina zana wa ɗalibai igiyar teku a allo, ban taɓa kwana a garin da ake jiyo ƙugin teku daga ɗaki ba. Bayan ambaliyar Maiduguri ta watan Satumban 2024, lokacin da madatsar ruwan Alau ta ɓalle, wani abokina ɗan Indonesiya da muka yi karatu tare ya aiko mini da jaje. A ƙarshen saƙon ya ce in ina son ganin yadda gari ke miƙewa bayan ruwa ya cinye shi, in zo garinsu. Garin nasu shi ne Banda Aceh, a can ƙuryar arewacin tsibirin Sumatra, wanda tsunami, wato ambaliyar teku da girgizar ƙasa ke haddasawa, ta afka wa a 2004. Na yi kwana 12 a can.

Wanda zai je daga Najeriya ya fara da maganar biza tun da wuri. Ƙasarmu tana cikin 'yan ƙasashen da Indonesiya ba ta ba mutanensu biza sai wani daga can ya tsaya musu, an kuma duba takardu a Jakarta, babban birnin ƙasar. Abokina ne ya tsaya mini, kuma ban sayi tikiti ba sai da biza ta fito. Daga Jakarta zuwa Banda Aceh tafiyar kusan awa 3 ce a jirgi, agogonsu kuma yana gaban namu da awa 6, don haka kwana biyun farko idona biyu cikin dare, da hantsi kuma ina gyangyaɗi. Zafin garin ba irin namu ba ne. Namu yana busar da mutum, nasu jiƙa shi yake yi. Shaddar da na ɗauka don fita kunya ta koma cikin jaka, na rungumi riguna marasa nauyi.

Masaukina yana Darussalam, unguwar da aka keɓe wa karatu tun 1959. Jami'o'i biyu ne a wurin, kafaɗa da kafaɗa: Syiah Kuala, wadda aka kafa a 1961, da jami'ar Musulunci ta Ar-Raniry. Duka biyun sunayen malamai suke ɗauke da su, malaman da suka rayu a ƙarni na 17, zamanin da Aceh, yankin da garin yake ciki, take daula mai sarki da jiragen ruwa. Nuruddin ar-Raniri mutumin Gujarat ne ta Indiya. Shi kuwa Syiah Kuala laƙabin Shehu Abdurra'uf as-Singkili ne, wanda ya yi shekaru kusan 19 yana karatu a ƙasar Larabawa, ya dawo ya rubuta cikakken tafsirin Alƙur'ani na farko da harshen Malay. Kuala a harshensu bakin kogi ne, inda yake zuba a teku, kuma a nan kabarinsa yake. Da aka nuna mini rubutun irin nasu na da, haruffan Larabci da aka ƙara wa ɗigo don su ɗauki sautin harshensu, sai na ji kamar an miƙo mini takardar ajami daga gafakar kakana. Ban iya fahimtar ma'ana ba, amma ina iya bin baƙi da yatsa.

Kunnen Bahaushe ba ya zama baƙo gaba ɗaya a can. Ranakunsu Senin, Selasa, Rabu, Kamis, Jumat, Sabtu. Labari kabar ne, lokaci waktu, duniya dunia, sabulu sabun. Malam kuma teungku suke ce masa, makarantar kwana ta almajirai dayah. Ɗalibai kuwa Pak suke kirana, wato kamar a ce Baba ko Malam, suna ɗan rusunawa su kai hannu ƙirji bayan gaisuwa. Da na ce daga Najeriya nake, abu biyu suke fara ambata: ƙwallo da Indomie. Da yawansu sun san muna cin ta, su kuma suna dariyar jin cewa akwai yara a wajenmu da suka ɗauka abincin gida ne, alhali daga ƙasarsu ta samo asali. Taliyar garin ta gaskiya, mie Aceh, kauri gare ta, ana soya ta da kayan yaji da jatan lande ko ƙaguwa. Yajinta bai ba ni tsoro ba. Abin da ya fi ƙarfina shi ne shinkafa sau uku a rana, har da karin kumallo.

Zaman garin a shagunan kofi yake. Abin da teburin mai shayi yake a wajenmu, shi shagon kofi yake a wajensu, sai dai nasu ya fi faɗi, kuma malamin jami'a da ɗalibinsa da mai kamun kifi duk a nan suke haɗuwa. Mai haɗawa yana ɗaga wata doguwar matata ta ƙyalle sama da kansa, kofi yana zubowa cikin gwangwani, ya sake juyawa, har ya yi kumfa. Wanda na fi sha shi ne sanger, kofi da 'yar madara mai zaƙi. Rabin abin da na koya a tafiyar nan a kan waɗannan tebura na koye shi, bayan la'asar, ɗalibai sun baje kwamfutoci kofi ɗaya yana kai su magariba.

Sallar asuba ta farko a masallacin unguwa ta ɗan rikita ni. Su Shafi'awa ne. Liman ya karanta bisimilla a bayyane, sannan a raka'a ta biyu bayan an ɗago daga ruku'u, ina shirin sujada sai na ga sahu ya tsaya, hannuwa a sama, ana alƙunutu da ƙarfi ana amsawa da amin. Mu da muka tashi a Malikiyya a ɓoye muka san shi, kafin ruku'u. Na bi liman, kuma babu wanda ya kalle ni sau biyu. Bayan sallama wani dattijo ya riƙe hannuna ya ce ya taɓa zama kusa da mutanenmu a Mina. Suna yi wa yankinsu kirari da Serambi Mekkah, wato zauren Makka, domin a zamanin jirgin ruwa nan ne zangon ƙarshe na alhazan tsibiran kafin su tsallaka babban teku.

Babban masallacin garin, Baiturrahman, fari ne tas da ƙubbobi baƙaƙe, a farfajiyarsa akwai manyan laimomi irin na masallacin Madina. Turawan Holan ne suka ƙona na asali a yaƙin da suka fara da Aceh a 1873, su ne kuma suka sake gina shi daga 1879 don su lallashi mutanen da suka ƙi miƙa wuya. A wannan masallaci ne jama'a da yawa suka fake ranar da ruwa ya zo.

Ranar Lahadi ce, 26 ga Disamban 2004, wajen ƙarfe 8 na safe. Ƙasa ta girgiza da ƙarfin maki 9.1, daga ƙarƙashin teku yamma da Sumatra. Bayan girgizar teku ya ja baya, ya bar kifi a kan yashi, wasu suka sauka tsinta. Cikin kamar rabin awa ya dawo, ya shiga gari fiye da kilomita 3 a wasu wuraren. Mutum kusan 170,000 suka rasu ko suka ɓace a lardin Aceh kaɗai. Duk waɗannan alƙaluma na san su tun daga gida, na ma koyar da su. Ban san nauyinsu ba sai da na tsaya a Punge Blang Cut, tsakiyar unguwa, gaban wani jirgin ruwa mai injin ba da wutar lantarki, nauyinsa tan 2,600, wanda ruwa ya ɗauko daga bakin teku ya dire shi cikin gidajen mutane. Yana nan har yau, ana hawa samansa. Daga can sama na nemi tekun da ido, sai can nesa na hango shi kamar zare. A Lampulo kuma akwai kwalekwalen masunta da ya sauka a kan rufin wani gida, mutum 59 suka tsira a cikinsa.

A nan na yi kuskuren da nake so wani ya guje wa. Mai babur ɗin da ke kai ni wurare, irin mai kujerar fasinja a gefe da suke kira becak, mutum ne mai fara'a, zai kai shekara 50. Da muka fito daga wajen jirgin, zuciyata cike da tambayoyi, na sa ɗalibin da ke mini tafinta ya tambaye shi ina yake a ranar. Ɗalibin ya yi jim kafin ya fassara. Mutumin ya amsa da kalmomi kaɗan, ya tayar da babur, bai sake magana ba har muka isa. Daga baya ɗalibin ya gaya mini abin da ya ce: yana kasuwa, iyalinsa suna gida. Na kwana da abin a raina. Washegari na ba shi haƙuri, ya dafa kafaɗata ya ce ba komai, amma na gane cewa a garin nan duk wanda ya haura shekara 30 yana ɗauke da mamacinsa, kuma ba baƙo ne zai buɗe masa ciwon ba. Da yawa ba su ma san inda nasu yake kwance ba. A Siron, kan hanyar filin jirgi, akwai kabari guda mai mutum sama da 46,000, fili ne kawai mai ciyawa ba alamar kowa. Daga ranar na kama bakina. Waɗanda suka so ba ni labari sun ba ni da kansu, a kan kofi, lokacin da suka ga dama.

Abin da na je nema kuwa na same shi. Mutanen Aceh ba su fi mu ƙarancin imani da ƙaddara ba. Ko a gidan tarihin tsunami, bayan ka ratsa wani siririn lungu mai duhu ruwa yana gangarowa a bangonsa, za ka shiga wani dogon ɗaki kamar rijiya, sunayen mamata a jikin bango, can ƙololuwa inda haske ke shigowa an rubuta Allah. Amma waɗannan mutanen da ke cewa haka Allah ya so, su ne suka kafa cibiyar binciken tsunami a jami'ar Syiah Kuala, suka gina dogayen benaye na gudun tsira kusa da gaɓa, ƙasansu a buɗe don ruwa ya wuce, suka kafa alamu a tituna masu nuna inda za a gudu. A wajensu tawakkali da shiri ba kishiyoyi ba ne. Na tuna yadda mu kan rufe maganar ambaliya da kalmar ƙaddara, a raba buhunan shinkafa da tabarmi, a koma gini a kan hanyar ruwa kafin wata damina. Abin ya yi mini zafi, don na san ba addini ne ya hana mu ba.

Ba na so in mai da su mala'iku. Wani malami ya gaya mini ba ɓoye-ɓoye cewa da aka sake babbar girgiza ranar 11 ga Afrilun 2012, jama'a sun bar benayen tsira suka hau babura da motoci, tituna suka cushe. Allah ya sa babban ruwa bai zo ba. Unguwannin gaɓa ma sun sake cika da gidaje, saboda filin can ya fi araha, kuma masunci ba ya nisa da teku. Damuwarsa yanzu ita ce ɗaliban da ke gabansa, waɗanda yawancinsu bayan 2004 aka haife su.

Shi ne ya ba ni labarin Simeulue, wani tsibiri da ke kusa da inda girgizar ta tashi. Ruwa ya taɓa cinye su a 1907, sai waɗanda suka tsira suka sa abin cikin waƙa da tatsuniya, suka ba shi suna smong: in ƙasa ta girgiza, teku ya ja baya, a bar komai a hau tudu. Iyaye mata suna renon yara da shi. A 2004, cikin mutum sama da 70,000 da ke tsibirin, waɗanda ruwan ya kashe ba su kai 10 ba. Babu jiniya, babu na'ura. Na daɗe ban ji labarin da ya girgiza ni a matsayina na malami irin wannan ba.

Masunta ma suna da nasu tsarin. Akwai sarautar gargajiya ta Panglima Laot, kamar sarkin ruwa a wajenmu, kuma a ƙa'idarsu ba a fita kamun kifi ranar Juma'a, ba a fita kuma ranar 26 ga Disamba. Wani abu guda da ruwan ya bari shi ne sulhu: yaƙin da aka shafe kusan shekara 30 ana yi tsakanin 'yan awaren Aceh da gwamnati ya ƙare da yarjejeniyar Helsinki ranar 15 ga Agustan 2005, kusan wata takwas bayan masifar.

Da na dawo, aikin farko da na ba 'yan ajina ba na littafi ba ne. Na ce kowa ya koma unguwarsu ya nemi tsoho ko tsohuwa mafi shekaru, ya tambaya ta ina ruwa yake bi a da, wace shekara ya fi yin ɓarna, kuma ina ya tsaya. Wata ɗaliba ta dawo da shafi huɗu daga bakin kakarta, har da sunan wani rafi da babu shi a taswirar da muke amfani da ita. Ranar Asabar muka bi sawunsa da ƙafa, ni da ɗalibai shida. Ya ratsa ta ƙarƙashin layin shaguna, ya bi ta bayan wata makarantar Islamiyya, ya ɓace a wani fili da aka riga aka yanka fulotai aka kafa duwatsu.