Kar ku shagwaɓa ƴan tumatir kafin dashe

Bara na tafka asara, kusan rabin abinda na dasa ya mutu cikin kwana uku, kuma wallahi laifi na ne. Tun da na zuba irin a wajen reno nake ta lallaɓa su kamar jarirai, ruwa safe da yamma, rumfar ciyawa a kai ba na ɗagewa, suka yi tsayi zalau-zalau kore shar gwanin sha'awa amma karan siriri kamar tsinken tsintsiya. Ranar dashe kuma na cire su da hantsi ƙasa a bushe, saiwar duk ta tsittsinke.

Kawu na da ya daɗe yana noman rani a Kadawa ne ya zo ya duba, ya ce kai yaro ai shagwaɓa su kayi, tumatirin da bai san rana ba ina zai iya zaman fili.

To bana na bi maganarsa. Da suka kai sati uku sai na fara janye rumfar kaɗan kaɗan, na rage ban ruwa, har sukan ɗan yi yaushi da azahar, zuciya ta na cewa in zuba musu amma na daure. Bayan sati ɗaya karan yayi kauri, ganye huɗu zuwa biyar, tsayi kamar taƙi ɗaya. Ranar da zan cire na jiƙa wajen sosai tun da safe, sai bayan la'asar na fara, ina sa ɗan itace ta ƙasa ina ɗago kowanne da ƴar ƙasarsa a jikin saiwa, ba fizga ba. Na binne su har kusa da ganyen farko saboda tumatir yana fidda sabuwar saiwa a jikin kara, na bar wajen santimita 45 tsakani, na danne gindin da yatsu sannan ruwa nan take.

Washegari da rana sun langaɓe, hankali na ya tashi, amma kafin magariba duk sun miƙe.

Takin zamani kam sai bayan sati biyu in sun kama, kuma nesa da gindi don yana ƙonawa. Abinda ke damuna yanzu gyare ne, da dare yake datse karan daga ƙasa, shi yasa na bar ragowar iri a wajen reno, jiya ma guda bakwai na cike.