Asabar a Garwa, ranar tace bokitin taki

Yau kwana 12 ke nan da jiƙa bokitin takin ruwan da nake haɗawa da ɓawon kayan abinci, kuma ya nuna. Da na ɗaga ƙyallen bayan sallar asuba, kumfar saman ta kwanta, ruwan ya yi launin shayi mai kauri, warinsa kuwa tsami ne irin na ƙullun da ya kwana. Da a watan Afrilu ne, lokacin da zafin Garwa ta ƙasar Kamaru ke haura digiri 40, mako guda ya ishe shi. Sanyin hunturun nan ne ya ja masa lokaci.

Bokitin mai lita 20 ne. Sulusinsa na cika da ɓawon ayaba, ɓawon dankali da na albasa, tsinken alayyafo da na zogale, sai dusar waken da aka surfa don ƙosai, duk an yayyanka ƙanana kamar gaɓar yatsa. Na zuba ruwa lita 12, na bar sama da sarari saboda kumfa. Rabin ruwan nan ƙasari ne da ruwan wankin shinkafa, don garin da ke cikinsu shi ne abincin ƙwayoyin da ke ruɓar da ɓawon. Dusar wake da ganye su ke ba da sinadarin da ke sa ganye ya yi kore shar. Ɓawon ayaba na taimakon fure da 'ya'ya, amma shi kaɗai ba ya ɗaukar shuka, ko da yake an fi zuzuta shi.

Rufin bokitin tsohon gidan sauro ne ninki biyu, an ɗaure da roba. Murfi mai toshewa ba ya yi: iskar da ruɓa ke fitarwa takan kumbura jarka har ta tsage. Barin sa a buɗe kuma gayyatar ƙuda da sauro ne. Kullum da safe a juya da sanda na minti 2, a ajiye shi a inuwa. Wanda ya bar juyawa zai ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, alamar iska ba ta kai ƙasan bokitin ba.

Na tace da buhun shinkafa wankakke, na samu lita 10 da 'yan kai. Tukar na haƙa rami taku ɗaya daga gindin gwanda na binne, domin mafi yawan amfanin yana nan cikinta bai narke ba. Zubar da ita asara ce.

Da hantsi dattijon da ke lambu kusa da nawa, ta wajen bakin kogin Binuwai, ya kira ni in ga tumatirinsa. Gefen ganyen ya ƙone, sabon toho ya lanƙwashe. Na ce, "Baba, me da me kuka zuba a naku bokitin?" Ya ce, "Yaro, duk abin da ya fito daga madafa." A nan matsalar take. Ragowar miya akwai gishiri da Maggi da mai. Ruwan da aka dafa wake akwai kanwa. Gishiri da kanwa suna janye ruwa daga saiwa, kuma a ƙasar laka irin ta fadamar nan ba sa wankewa da wuri, sai su taru su daskarar da ƙasar. Mai kuma yakan shimfiɗe a saman ruwan ya hana iska shiga. Ga shi dattijon ya zuba ruwan takin tsagwaronsa ba sirki, da rana tsaka. Na ce ya zubar da wannan haɗin nesa da lambu, ya yi ta ba kwamin ruwa zalla mai yawa kwana 3 a jere. Abin ya dame ni, don shukar ta riga ta fara fure.

Sirki shi ne rabin aikin. Lita 1 na taki a lita 10 na ruwa ga shukar da ta kama ƙasa, lita 1 a 20 ga dashen da bai wuce mako 2 ba. In babu abin awo, a sirka har launin ya koma kamar shayin da aka yi wa ruwa da yawa. A fara jiƙa ƙasa da ruwa zalla, sannan a zuba rabin lita a kewayen kowane gindi, ba a jikin kara ba. Sau ɗaya a mako ya isa. A ƙasar yashi gara a rage ƙarfin a yawaita bayarwa, don ruwa na wucewa da shi.

Toka daban nake jiƙa ta, gwangwanin madara 1 a lita 10, ta kwana, a tsiyaye. Ba na haɗa ta da bokitin ɓawo, saboda kaifinta na kore sinadarin ganyen ya bi iska. Sau ɗaya a wata, kuma tokar itace kawai, ba wadda aka ƙona leda a ciki ba. Ɓawon ƙwai kuwa ba ya narkewa a ruwa ko zai shekara. A daka shi lukui a barbaɗa a ƙasa. Masu zuba shi don maganin baƙin da ke fitowa a gindin 'ya'yan tumatir su fara duba ban ruwansu, don yawanci ƙishi yau, ambaliya gobe ne ke kawo shi.

Bayan la'asar na ba tumatir, attarugu da kuɓewa. Latas da yakuwar da za a tsinka cikin makon nan ban ba su ba: ruwan ruɓa ne, ba ya hawa ganyen da za a ci ɗanye, kuma ina tsayar da shi mako 2 kafin tsinka. Duk kwamin da na zuba wa, tun kafin dashe an cakuɗa masa ruɓaɓɓen kashin shanu. Ruwan nan ƙari ne a kan wancan, ba ya maye gurbinsa.

Lita 6 suka rage, na zuba a jarka na sassauta murfin, zan ƙarar da su cikin mako 2. Lita 1 na bari a gindin bokitin, na ɗora sabon ɓawo a kai kafin magariba, don tsohon ruwa na sa sabon haɗi saurin tashi.