Kwana uku a Katsina da Daura: wa ke riƙe da cibiyoyin tamowa?

Daga Kano zuwa Katsina babu abin ba da labari, sai tsadar kuɗin mota da ta zame mana jiki tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Abin da ya kai ni shi ne ganin yadda ake kula da yara masu tamowa, kuma washegari tun kafin hantsi ina bakin wata cibiya a gefen birni.

Layin mata ya zagaye katanga, wasu daga ƙauyukan da rashin tsaro ya hana noma. Aikin yana tafiya ne a kan tsari. Ana fara auna damtsen yaro ɗan wata 6 zuwa 59 da ɗan tef mai launi uku: ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa ta yi tsanani. Daga nan zuwa 12.5 rawaya, sama da haka kore. Sai a danna bayan ƙafafunsa da babban yatsa na daƙiƙa uku, in wurin ya lotsa ya ƙi dawowa to akwai kumburi. Daga nan a gwada cinsa. Na tsaya kusa da wata uwa da ta yaga bakin ledar abincin tamowa ta lakato da yatsa ta kai bakin ɗanta, ya kau da kai har sau uku. Nan take jami'ar lafiyar ta ce, "Baiwar Allah, wannan sai kwanciya." Yaron da ya ƙi ci ba a sallamarsa gida, ana fara masa da madarar F-75 kaɗan-kaɗan dare da rana, don abinci mai nauyi farat ɗaya na iya yi wa jikin da ya rame illa.

Wanda ya ci, ana ba shi maganin amoksisilin da rabon mako guda na abincin tamowa. Kowace leda giram 92 ce, gyaɗa da madara da suga da mai da sinadarai, kuma katan mai leda 150 shi ne kusan abin da yaro ɗaya ke buƙata cikin mako shida zuwa takwas.

Na tambayi jami'ar wa ke sayen katan ɗin. "Ranka ya daɗe, ginin dai na gwamnati ne," in ji ta. Abincin, da man janareta, da alawus ɗin masu sa kai, duk daga ƙungiyoyi suke. Ƙungiyar likitoci ta MSF tana wannan aiki a jihar tun 2021, kuma ita ta sanar cewa yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na Katsina a wata shidan farko na 2025, shekarar da Amurka da wasu ƙasashen Turai suka zaftare tallafinsu. Raina ya ɓaci sosai, domin tun 2001 aka yi alkawari a Abuja cewa za a ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafi, kuma gwamnatin tarayya ba ta ko kusanci hakan ba. Na san aljihun gwamnati ya matse da albashi da bashi da kuɗin tsaro, amma akwai asusun UNICEF da ke ɗora naira a kan kowace naira da jiha ta zuba don sayen wannan abinci. Kamata ya yi a riƙa sakin kason jiha kafin damina, ba sai rumbuna sun ƙare ba.

Yankewar kaya ita ce babbar illa. Uwa ta biya kuɗin babur ta zo aka ce babu, ba za ta dawo mako mai zuwa ba, yaron kuma ya koma inda ya fito. A wani ƙaramin asibiti na nemi ganin katin lissafin kaya, mai kula da sito ya daka mini tsawa wai sai na kawo takarda daga sama, ya ja ƙofarsa. A kasuwa kuwa na ga ledojin a faranti ana sayarwa kamar alewa. A Kano ma muna ganin haka, kuma yawanci yunwar sauran yaran gida ce ke jawo shi.

Abin da ya faranta mini rai a wani ƙauye na hanyar Mashi ne, inda mata ke haɗa garin Tom Brown da kansu: awo shida na gero ko dawa, uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa, a soya kowanne daban a niƙa. Na yaran da awonsu ya nuna rawaya ne, ba ya maye gurbin ledar. Su da tiya suke awo, ba kwano irin namu ba, kuma geronsu ya fi na kasuwar Dawanau ta Kano sauƙi kaɗan. Uwargidan mai unguwa ta dama mini fura da nono, ta ƙi karɓar ko sisi.

Daura kwana ɗaya na yi. Na leƙa rijiyar Kusugu, na sayi tiya biyu ta gero, na biyo ta Kazaure zuwa gida.