Ranar da na zaɓi atamfa da kaina

Asabar da dare, Aboabo, Kumasi

Tun tasowata ba ni nake zaɓar tufafin da nake sawa ba. Kayan Sallah Inna ce take sayowa, na biki kuwa duk zanen da dangin amarya suka fitar shi muke ɗinkawa, ko ya karɓi mutum ko bai karɓe shi ba. Sha'awar kwalliya ta shige ni ne a wurin aiki, inda kowa yake zuwa da ɗinkin atamfa ranar Juma'a, al'adar da gwamnatin Kufuor ta ƙarfafa tun 2004 domin masaƙun ƙasa su samu kasuwa. A nan na ga mata biyu sun sa atamfa iri ɗaya, ɗaya ta fito fes, ɗayar kuwa kamar aro ta yi, sai na ƙudura cewa zan gano dalili.

Da safe na roƙi Gwaggo ta raka ni kasuwar Kejetia, domin ta daɗe tana sana'ar zannuwa kafin ƙafa ta zaunar da ita. A layin masu atamfa ba ta bari na tsaya kallon launi ba. Ta zaro turmi ɗaya, ta buɗe shi, ta juya bayansa, ta ce in duba da kyau: atamfar kakin zuma ta gaskiya zanenta yana fitowa gaba da baya da ƙarfi ɗaya, mai araha kuwa bayanta fari-fari yake. Ta nuna mini rubutun da ke bakin zane, inda masaƙa take buga sunanta da lambar zanen, sannan ta murza gefensa tsakanin yatsunta domin ta ji ko auduga ce mai jiki ko sitaci aka cika mata, wanda wanki ɗaya zai tafi da shi. Ta ce sunan ma ba a dogara da shi kaɗai, saboda jabun da ake shigowa da su daga Sin suna kwaikwayon zanen masaƙun Ghana, GTP ta Tema da ATL ta Akosombo, har da tambarinsu.

A kan Holan muka saɓa. Gwaggo tana ganin macen da ba ta da Vlisco, wato atamfar Holan, a akwati ba ta fara tara zane ba, ta ce, "Ɗiyata, ɗauki wannan ki huta, jikokinki ma za su ɗaura." Na ce, "Gwaggo, a yi mini haƙuri, idan na saye ta babu abin da zan biya tela." Ingancinta ba abin musu ba ne, amma a ganina mai koyo bai kamata ya fara da abin da hannunsa zai yi rawa wurin miƙa wa almakashi ba. Ta yi tsaki kaɗan, sannan ta jawo ni bakin rumfa inda hasken rana yake, tana kara zannuwa ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin haɓata. Ruwan lemon da nake mutuwar so ya dusashe mini fuska, shuɗi mai duhu da ratsin ruwan ƙwai kuwa ya haska ta. Da yake ba ni da tsawo, muka bar masu manyan furanni muka ɗauki GTP mai ƙananan zane, yadi shida.

Bayan azahar na kai wa wata tela a Asawase, wadda na ga ɗinkinta a jikin abokiyar aikina. Ta auna kafaɗa da ƙirji da ƙugu da tsawon hannu, tana rubutawa a wani tsohon littafi, ta ce yawancin rigunan da suke zama wa mutane kamar buhu daga kafaɗa matsalarsu take, domin idan ta sauka ko da inci ɗaya ne, rigar gaba ɗaya ta karkace. Ta raba yadin yadda aka saba: biyu na kaba, wato riga, biyu na siket, biyu a bari na ɗaurawa. Ta shimfiɗa atamfar a tebur tana jan layi da alli, tana lura da inda zane zai haɗu da ɗan'uwansa a wurin ɗinki, abin da ban taɓa sanin ana damuwa da shi ba.

Na so a sa mini ƙyallen kente, saƙar hannu ta garin Bonwire, a wuya da bakin hannu, tun da yanzu ana yayinsa sosai, amma ta ce atamfar ta riga ta cika da zane, kente zai yi gasa da ita. Na yarda da wannan. Hannun rigar dai na dage a yi shi dogo har wuyan hannu, marar kumburi, domin mayafi ya zauna a kansa ba tare da ya tattare ba. Ta ce in dawo ranar Alhamis in gwada kafin ta sa shafi da zif, kuma in zo da takalmin da zan riƙa sawa, saboda da shi za ta yanke tsawon siket.